Digirin digirgir ma fatauci ne: Darasi daga ƙauyukan Hausawan Jazira

Ranar wata Alhamis a kasuwar Maigatari, bayan an sauko daga sallar La'asar, wani dattijo dilan riɗi da zoɓo da muka daɗe da sabawa ya kama hannuna ya ja ni rumfarsa. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Malam, kai da kake rubutu a jarida, don Allah ka gaya mini, kuɗin da na zuba a karatun yaron nan sun bi ruwa ke nan?"

Ɗansa malami ne a wata kwalejin horon malamai. A shekarar 2021 ya tafi wata jami'a a tsakiyar ƙasar Sudan ya yi rajistar digiri na uku, wato digirin digirgir, a fannin Larabci. Alhaji ne ya ɗauki nauyin komai daga ribar riɗi. Yaro ya rubuta babi huɗu cikin biyar, saura ya kammala ya koma ya kare kundinsa a gaban malamai, sai yaƙi ya ɓarke. Malamin da ke duba masa aikin ya yi gudun hijira, lambarsa ta daina shiga. Da na tambayi Alhaji rasiɗin kuɗin makaranta, sai ya ce ai ta hannun wani dillali aka biya, shi ma dillalin an neme shi an rasa.

Wannan duk bai taɓa ni ba kamar abin da ya faɗa daga baya. Ya ce duk zuwan da yaron ya yi, a gidan wani Bahaushe yake sauka a wani ƙauye na bakin kogi, mutumin da kakanninsa suka fito daga ƙasar Haɗeja, kuma bai taɓa karɓar ko kwabo na haya ko na abinci ba. Shi ma mai masaukin yana da ɗa da ya gama digiri na biyu a fannin noma, yana shirin na uku. Labari na ƙarshe da suka samu shi ne yaron yana sayar da shayi a garin Gadarif, inda suka yi hijira.

Tun daga ranar nake son yin wannan magana da ku 'yan kasuwar kan iyaka, na Jibiya da Illela da Kamba da Maigatari, da 'yan uwanmu na Ƙonni da Ɗan Isa da Maraɗi, domin na san da yawanku ku ne gwamnatin 'ya'yanku da ƙannenku a sha'anin karatu. Ra'ayina shi ne, digirin digirgir fatauci ne kamar kowane fatauci. Wanda ya ɗaura kaya bai san hanya ba, bai ƙirga guzuri ba, bai riƙe takarda ba, to ya yi sadaka ne bai sani ba. Haka kuma akwai bashi a kanmu na mutanen da suka riƙe mana baƙinmu a Sudan, kuma lokacin biyansa ya yi.

Ga wanda bai san su ba, Jazira ƙasa ce da ke tsakanin rassa biyu na Kogin Nilu, Fari da Shuɗi, kudu da birnin Hartum, babban garinta kuwa Wad Madani. Hausawa sun daɗe suna ratsa ta a ƙafa da kan jakuna a hanyarsu ta zuwa Makka, wasu su tsaya neman guzuri, tsayuwar ta zama zama. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar a wajejen 1906. Garin da suka kafa har yau sunansa Mai Wurno. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe shirin noman auduga na Jazira, wanda daga baya ya kai kimanin eka miliyan biyu, sai mutanenmu suka ƙara kwarara, suna tsinkar auduga suna noman dawa da gyaɗa da albasa. Ƙauyukansu suka bi kogin har zuwa Sinja da Rusairis da Damazin.

Hanyar ilimi ma ta bi sawun hanyar Hajji. Marigayi Shaikh Abubakar Gumi yana cikin waɗanda gwamnatin Arewa ta tura makarantar horon malamai ta Bahtar Ruda a tsakiyar shekarun 1950. Daga baya aka sami Jami'ar Jazira a Wad Madani, wadda aka kafa a 1975, da Jami'ar Afirka ta Duniya a Hartum, wadda ta faro a matsayin cibiyar Musulunci ta Afirka kafin ta zama jami'a a farkon shekarun 1990. Malamanmu na Larabci da addini da tarbiyya da yawa a Sudan suka yi digiri na biyu da na uku, saboda kuɗin ya fi na Turai sauƙi nesa ba kusa ba, ga Musulunci, ga kuma 'yan uwa da za su ce maka sannu da zuwa da harshenka.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 wannan hanya ta yanke, lokacin da faɗa ya kaure tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Kowa ya tuna yadda aka kwaso ɗalibanmu a motoci zuwa iyakar Masar da Bur Sudan. Wad Madani, inda mutane suka fake da farko, ita ma ta faɗa hannun RSF a Disamba 2023, Sinja ta bi baya a tsakiyar 2024. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamba 2024, Wad Madani a Janairu 2025, Hartum kuma a Maris 2025, amma ɓarnar da aka yi wa jami'o'i da ɗakunan karatu da ofisoshin ajiyar takardu ba abin da za a gyara a rana ɗaya ba ne.

Yaƙi ƙaddara ce, ba wanda zai zargi Alhaji don bai hango shi ba. Amma da an yi lissafi tun farko, da asarar ba ta kai haka ba. Lissafin nan kuwa kashi uku ne, kuma ba ya buƙatar boko, hankalin kasuwa ya ishe shi.

Na farko shi ne irin zaman karatun. Digiri na uku ba shiga aji ba ne kamar na farko. Ɗalibi yakan ɗauki matsala guda ya yi bincike a kanta a ƙarƙashin wani malami, ya rubuta kundi, sannan ya kare shi a gaban masana, ciki har da na wata jami'ar. A Nijeriya mafi ƙarancin lokacinsa shekara uku ne ga wanda ya ajiye komai ya duƙufa, haka ma a Nijar bayan digiri na biyu, amma a aikace sau da yawa yakan kai huɗu ko biyar. Wanda ya zaɓi wannan zama, ya sani cewa cinsa da na iyalinsa sun dawo wuyan mai ɗaukar nauyi. Akwai kuma tsarin da mutum yake aikinsa yana karatu, yana zuwa wurin malami lokaci-lokaci. Wannan ya fi sauƙin aljihu a kowace shekara amma ya fi jan lokaci, kuma nan ne mutane suka fi gajiya su watsar. Sannan akwai na jeka-ka-dawo, wanda mutanenmu suka fi yi a Sudan: ka je ka yi rajista, a amince da batun bincikenka, ka dawo gida ka rubuta, ka riƙa aika babi, a ƙarshe ka koma karewa. Yana da arha, amma igiya ɗaya ce tak ke riƙe da shi, wato malamin da ke duba aikin. Ranar da ta tsinke, komai ya zube.

Saboda haka kafin ka ba da kuɗi ka tambayi ɗanka, kamar yadda za ka tambayi direban da zai kai maka kaya Legas. Wane ne malamin? Ɗalibai nawa suka gama a hannunsa, kuma a cikin shekara nawa? In ya yi tafiya ko ya rasu, akwai na biyu da aka rubuta sunansa? Idan fannin na gwaje-gwaje ne, kamar noma ko lafiyar dabbobi ko magani, ina ɗakin gwajin da gonar? Wanda ya ce maka zai yi dakta a kan cutar shanu ta waya kawai, ka ƙara tambaya. In da hali a samu malami na biyu a gida, a Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello ko Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo ta Maraɗi, wanda zai san aikin tun daga tushe. Idan hanyar waje ta toshe, shi ne zai shaidi aikin a nema masa gurbi a gida.

Na biyu shi ne kuɗi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙirga kuɗin makaranta kawai. Alhali akwai tafiya da dawowa, fasfo da biza, masauki, ci da sha, littattafai, kwamfuta da intanet, zirga-zirgar tattara bayanai, buga muƙala a mujallun ilimi wanda jami'o'i da dama suke shartawa kafin karewa, ɗaure kundi, da kuɗin zaman karewar kansa. Ga kuma iyalin da aka bari a gida. Duk a rubuta su shekara-shekara, sannan a ƙara shekara guda a kan abin da jami'a ta faɗa, don tsaro.

Sai batun canji, wanda ku kun fi ni saninsa. Kafin watan Yuni 2023 dalar Amurka a farashin gwamnati tana wajen Naira 460. Zuwa Fabrairu 2024 ta haura Naira 1,500. Ke nan makarantar da take karɓar dala 1,000, wadda a da ba ta kai Naira dubu 500 ba, ta koma sama da Naira miliyan ɗaya da rabi cikin wata takwas, ba tare da ta ƙara ko sisi ba. Mutanen Nijar sun sami sauƙi a nan don sefa tana ɗaure da kuɗin Turai. Dabara ita ce, in karatun na dala ne, a sayi dalar shekarun gaba ɗaya a ajiye tun farko. In ba za a iya ba, a yi karatun a gida. Ba abin kunya ba ne, kowa ya yi rawa daidai kiɗansa.

Kada kuma a dogara da gwamnati a makance. Asusun TETFund yana ɗaukar nauyin digiri na biyu da na uku, amma ga malaman manyan makarantun gwamnati kaɗai, kuma daga Janairu 2025 ya dakatar da tura sababbi ƙasashen waje, ya bar na cikin gida. Asusun PTDF ya fi karkata ga fannonin mai da iskar gas. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 na ɗaliban makarantun gwamnati na cikin ƙasa ne, ba ya bin kowa waje. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda yana da tallafin digiri na uku, sai dai masu nema sun yi wa guraben yawa. A Nijar kuwa hukumar ANAB ce ke kula da tallafin karatu. Duk a nema, a cika takardu a kan lokaci, amma a ɗauke su a matsayin gyara, uwar kuɗin tana aljihunka.

Na uku shi ne takarda. Ba ɗan kasuwar da zai tsallake iyaka da tirela ba takardar kwastan, amma sai ka ga an biya miliyoyi a karatu ba rasiɗi. A biya jami'a kai tsaye a asusunta, da sunan ɗalibi. Takardar samun gurbi, lambar rajista, takardar amincewa da batun bincike, rasiɗin kowace shekara, da rahoton malami a kan kowane babi, duk a ɗauki hotonsu a ajiye a wuri uku: hannun ɗalibi, hannun mai ɗaukar nauyi, da intanet. Da jami'o'in Sudan suka koma koyarwa ta intanet suka buɗe wuraren jarrabawa a garuruwan da ke da zaman lafiya, wanda ke riƙe da takardunsa shi ne ke da bakin magana.

Kafin a biya ma, a tabbatar cewa hukumomin gida sun san jami'ar. A Nijeriya Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ke tantance takardun waje, a Nijar kuwa ana duba tsarin CAMES na ƙasashen renon Faransa. Ba mu manta da abin da ya faru a Disamba 2023 ba, lokacin da ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, abin da ya sa a Janairu 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Masu gaskiya da yawa sun sha wahala a dalilin marasa gaskiya. Duk wanda ya ce maka akwai dakta na wata shida, jabun kaya yake tallata maka.

Yanzu sai batun bashi. Mutanen nan na Jazira da Shuɗin Nilu sun sauki alhazanmu shekara da shekaru, sun sauki ɗalibanmu, kuma masifa ta same su tun kafin babban yaƙin. A Yuli da Oktoba 2022 rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin a kan ƙasa da sarauta, aka kashe ɗaruruwan mutane, dubbai suka bar gidajensu. Tushen maganar shi ne a ce wa mutumin da kakansa aka haifa a wurin shi baƙo ne. Irin wannan tambaya ba a amsa ta da ihu, sai da tarihi rubutacce, da lauyoyi, da masana da za su zauna a teburin da ake yanke hukunci.

Abin lura a nan shi ne, wani Bature ɗan Ingila, Mark Duffield, ya zauna a Mai Wurno ya yi bincikensa na digiri na uku, littafin ya fito a 1981. Wato ƙauyen namu ya ba wani dakta. Da ɗan gari ya sami dama kuwa, sai ga abin da ya fito: Farfesa Al-Amin Abu Manga, ɗan Mai Wurno, ya yi digirinsa na uku a Marburg ta ƙasar Jamus, ya koyar a Jami'ar Hartum, ya rubuta littafi a kan Fulatancin Sudan a 1986 da wani a kan Hausar Sudan a 1999. Duk mai son sanin yadda harshenmu yake a can, ta ƙofarsa yake bi. Abu Manga nawa ne yanzu suke sayar da shayi a sansanonin hijira?

Shawarata ga ƙungiyoyin kasuwanninmu ita ce a kafa asusun karatu mai zurfi, a kasuwa-kasuwa. Misali, idan mutum 200 suka yarda da Naira dubu 5 a wata, an tara miliyan ɗaya ke nan duk wata, miliyan 12 a shekara. Wannan zai riƙe ɗalibai da dama a jami'o'in gida. A raba guraben biyu: rabi na 'ya'yan kasuwa da karatunsu ya maƙale, rabi na 'ya'yan Hausawan Sudan da suka gama digiri na biyu, a kawo su Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maraɗi ko Jami'ar Musulunci ta Say. Hausa suna da ita, Larabci sun fi mu, abin da za su buƙata shi ne 'yan watanni na ƙarfafa Turanci ko Faransanci da taimakon tantance takardu. A sa amintattu uku a kan asusun, da malamin jami'a guda mai ba da shawara. Kada a ba kowa kuɗin shekara uku a dunƙule, a riƙa saki bayan kowane wata shida in rahoton malami ya iso. A rubuta yarjejeniya da shaidu kamar yadda addini ya koyar a sha'anin bashi. Wanda ya fi ƙarfi ya yi waƙafin rumfa guda, hayarta ta riƙa shiga asusun har bayan ransa.

Na san wani zai ce, mu da muke fama da rufe iyaka, na 2019 da na 2023, da shingaye a hanya, da 'yan bindiga, ina ruwanmu da dakta? Wani kuma zai ce makarantar firamare ta fi buƙata. Duk gaskiya ne, kuma ban ce a bar firamare ba. Amma ku dubi buhun PICS mai ninki uku da ke hana ƙwari cin wake ba tare da an zuba magani ba. Masu bincike ne na Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na Afirka, ciki har da na cibiyar INRAN ta Maraɗi, suka yi aikinsa, aka fara yaɗa shi a 2007. Duk mai ajiyar wake ya san abin da ya tsirar masa. Riɗi da zoɓo da ƙaro da muke lodawa kuwa su ne kayan da Sudan ta yi suna a kansu a duniya. Yaron da ya tashi a cikin noman rani na Jazira, in ya yi bincikensa a Kadawa ko Bakalori ko madatsar Jibiya ko fadamun Ƙonni, ribar a buhunanku za ta ƙare. Masu ba da kuɗi suna da ikon cewa ga matsalar da muke so a bincika.

Akwai kuma wani kuɗi da ake ɓarnatarwa wanda zai iya komawa nan. Kowa ya san masu yawo da wasiƙu suna bin attajirai, su ce an zaɓe ka za a ba ka dakta na girmamawa a wani otal, ka kawo kuɗin riga da hula da na biki. Alhaji, kuɗin wannan rigar ta yini ɗaya zai iya riƙe ɗalibi na gaskiya shekara guda. Sunanka a shafin godiya na kundin da za a karanta bayan shekara hamsin ya fi hoton da za a rataye a falo.

Shi kuwa abokina na Maigatari, na ba shi shawara ɗansa ya tattara babi huɗun nan da duk wata takarda da ta rage, ya rubuta wa ofishin karatun gaba da digiri na jami'ar kai tsaye ba ta hannun kowa ba, sannan ya nemi wani farfesa a gida ya duba aikin, ko da za a sake rajista ne. Ilimin da ke cikin babin bai ƙone ba, yana nan. Da zan tashi sai dattijon ya ce, "To Malam, shi kuma yaron mai shayi fa?" Na ce, "Alhaji, wannan tambaya ka kai ta taron ƙungiyarku, ka fara ajiye naka dubu biyar ɗin a kan tabarma."

Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya mai ɗorewa, Ya mayar da kowa gidansa, Ya sa albarka a kasuwanninmu da karatun 'ya'yanmu, amin.